Layin faiba yana tsinkewa da azahar ya dawo da yamma, lezar ce ta gaji ko me?

Ɗan_Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, mako biyu ke nan abin nan ya hana ni sukuni. Ni nake kula da kwamfutocin wata makaranta mai zaman kanta, gini biyu gare ta, an ja faiba tsakaninsu, wato igiyar gilashi mai ɗaukar saƙo da haske, tsawon igiyar kilomita ɗaya da 'yan kai. Kowane gefe akwai suwic, na'urar da ke haɗa kwamfutoci, da aka cusa wa ɗan ƙarfen nan mai tura haske cikin faiba ya kuma karɓa, SFP. Shekara uku lafiya lau. Tun da zafin bana ya kankama, da an yi azahar sai layi ya fara tsinkewa, daga ƙarfe biyu zuwa huɗu babu shi sam, sai can la'asar sakaliya ya dawo da kansa. Na zare igiyar na leƙa ramin SFP ɗin, ban ga ko ɗigon haske ba. Wanda ya sayar mana ya ce lezar ta mutu, in sayi sabo. To in ta mutu, yaya aka yi take aiki da dare? Kuma wai me ke ba da haske a cikin ɗan abin nan, ƙwan fitila ne? Yara za su fara jarrabawar gwaji a kwamfuta mako mai zuwa, shi ya sa hankalina a tashe yake.

Injiniya_Arkilla:
Wa alaikumus salam. Kafin komai Malam, don Allah kada ka ƙara kai idonka bakin SFP ko bakin faiba. Haske tafiyar igiyar ruwa yake yi, tsawon kowace igiya shi ne zangonsa, da nanomita ake auna shi. Ido yana ganin haske ne daga wajen nanomita 400 zuwa 700, wanda ake turawa cikin faiba kuwa 850 ne ko 1310 ko 1550, duk sun zarce ja, ido ba ya kama su. Tunda ba ka gani, ba za ka ƙifta ba, ba za ka kau da kai ba, nan haɗarin yake. Ƙanana irin naka haskensu ba shi da ƙarfin cutarwa a aikin yau da kullum, amma wanda ya saba leƙa ƙarami wata rana zai leƙa igiyar da ta fito daga amfilifaya, na'urar ƙara wa haske ƙarfi. Karanto mana abin da aka rubuta a jikinsa, da launin igiyar.

Ɗan_Mabera:
Subhanallah, na leƙa ya fi sau biyar. An rubuta 1.25G, LX, 1310nm, 10km. Igiyar rawaya ce, baki biyu, kawunan shuɗaye.

MaiKyamara_GidanDare:
Amma Injiniya ni da idona na taɓa ganin jan haske yana fitowa daga faiba ranar da muke haɗa kyamarorin wani gidan mai. Ya ke nan?

Injiniya_Arkilla:
Ɗaya cikin biyu ne. Ko dai wani ya jona biron gwajin nan mai jan haske a ɗaya gefen, shi 650 ne, da gangan aka yi shi a gan shi don neman inda igiya ta karye. Ko kuma SFP ɗin 850 ne, shi yana kusa da iyakar gani, wani lokaci cikin duhu akan hango ɗan ja-ja dushi-dushi. Kyamarar waya ma takan nuna shi. Na 1310 kuwa ba ido ba kyamarar waya.

Ɗalibin_Dundaye:
Ni ɗalibin fiziks ne, bari in taɓa tambayar ƙwan fitila, manya su gyara mini. Babu zare mai ƙonewa a ciki. Wani ɗan gutsure ne na sinadari, bai kai ƙwayar gero ba. Na 850 galibi da galiyam asenaid ake yi, na 1310 da 1550 kuma a kan indiyam fosfaid. An jera shi hawa-hawa, gefe ɗaya lantarorin nan, ilektoron, sun yi yawa, ɗaya gefen kuma guraben da babu kowa ne suka yi yawa. In aka ba shi wuta sai su haɗu a tsakiya, duk ilektoron da ya faɗa gurbi sai ya saki ɗan haske. Irin haɗin sinadarin shi ke yanke zangon hasken da zai fito, shi ya sa ba a mayar da na 850 ya koma 1310.

In a nan aka tsaya, LED aka samu, irin ƙwan tocilan zamani: haske na fita ko'ina, kowa da inda ya nufa, kamar an tashi daga filin Idi. Leza kuwa an yi mata madubi biyu, gaba da baya. Hasken yana kai da komo tsakaninsu, duk inda ya gitta sai ya sa wani ilektoron ya saki haske irinsa sak, zango ɗaya, fuska ɗaya, taku ɗaya, kamar sahun sallah. Madubin gaba yana barin wani kaso ya fita, shi ne ke shiga faiba.

Abin da ya shafi Malam Ɗan_Mabera shi ne wannan: leza tana da wani mizanin wuta da sai an kai shi take zama leza. Ƙasa da shi haske ne mai rauni kawai. Kamar randa ce, sai ta cika take tumbatsa. Zafi kuma kamar tsaguwa ne a gindin randar, da ya ƙaru sai ka ƙara ruwan da kake zubawa kafin ta kai baki.

Injiniya_Arkilla:
Allah Ya yi albarka ƙanena, ka kawo shi daidai. In ƙara kaɗan. A bayan lezar akwai wani ɗan ido da ke auna hasken da take bayarwa. Da ya ga ya ragu sai ya sa a ƙara mata wuta don hasken ya tsaya yadda yake. Amma ƙarin yana da iyaka. In zafi ya yi yawa, ko lezar ta tsufa, sai a kai maƙura, daga nan haske ya fara sauka. Kuma ba kashe ta ake yi ana kunnawa ba wajen aika saƙo, tana nan a kunne kullum, sai dai a ɗaga hasken ya zama 1, a sassauta ya zama 0, sama da sau biliyan ɗaya a daƙiƙa a irin naka.

SFP na gama-gari an yi shi ne ya yi aiki daga 0 zuwa digiri 70 a jikinsa. Akwai na masana'antu da ke jure 40 ƙasa da sifili har zuwa 85. Ina suwic ɗinka yake ajiye?

Ɗan_Mabera:
Na babban gini yana ofis, akwai na'urar sanyi. Na ƙaramin ginin yana cikin akwatin ƙarfe a manne da bangon yamma, ɗakin rufin kwano ne babu silin. Fankar akwatin ta daina juyawa tun bara.

MaiSola_Kwannawa:
To ai magana ta ƙare. Bangon yamma, kwano, ga Afrilun Sakkwato da inuwa ma take haura digiri 40. Na sha sa hannu cikin irin akwatunan nan da rana in janye ba shiri. Inbatoci ma haka suke kashe kansu. Ka sa fanka biyu, ɗaya ƙasa tana shigo da iska, ɗaya sama tana fitarwa, ka ɗaga akwatin daga jikin bango ko da taƙi ɗaya ne.

Ummu_Hanif:
Ban yarda magana ta ƙare ba. Shekarata shida ina haɗa faiba, kuma yawancin kiran da ake mini a ce leza ta mutu, in na je datti nake tararwa. SFP ɗinsa mai LX an yi shi ya kai kilomita 10, shi kuwa kilomita ɗaya kawai yake tafiya. Ko da zafi ya cinye rabin hasken, ya kamata a ce saura ya wadatar. In layi yana faɗuwa, to dama can a bakin gaɓa yake tsaye, zafin tura shi kawai ya yi. Zuciyar faiba mai rawaya, wato tsakiyar da haske ke bi, faɗinta maikiron 9 ne, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, gashin kai ya ninka ta sau da yawa. Ƙurar hunturu guda ɗaya ta zauna a kai ta isa. Kuma Malam, kowane zarewa da ka yi ka leƙa ka mayar, ƙura ka ƙara shigarwa, wataƙila ma ka danne ta a kan gilashin.

MaiSola_Kwannawa:
Hajiya ƙura ba ta san azahar ba. Da ita ce da dare ma ba zai yi ba.

Ummu_Hanif:
Ban ce zafi ba shi da hannu ba Malam, cewa na yi ba shi kaɗai ba ne. Ka sa fanka yau layi ya dawo, ka ɗauka ka warke, damina ta wuce hunturu ya ƙara ƙura, baɗi war haka ko da fanka sai ya faɗi.

Baba_TsohonWaya:
Ɗiyata gaskiya ta ta hwaɗi. Mu da munka yi aikin tarho tun zamanin wayar tagulla, abin da anka koya muna shi na, kada ka canza kaya sai ka auna. Wanga yaro bai auna komi ba tukuna, kowa na ba shi magani. Ɗana, suwic ɗinka shina iya hwaɗa maka lahiyar SFP da bakinai, ka tambaye shi.

Injiniya_Arkilla:
Haka ne Baba. Yawancinsu suna da abin da ake kira DDM ko DOM. Shiga shafin suwic ɗin, wajen bayanin ramin da SFP yake, za ka ga zafin jikinsa, wutar da lezar ke sha, hasken da yake fitarwa wato Tx, da wanda yake karɓa wato Rx. Ka rubuta na gefe biyun da safe, ka sake rubutawa ƙarfe uku. Awon dBm ne: 0 na nufin miliwat ɗaya, duk saukar 3 rabi ya tafi, duk saukar 10 kashi ɗaya cikin goma ya rage.

AbuFadima:
Tunda ana maganar, ni ma ga tawa. Na taɓa sayen SFP biyu masu baki ɗaya, na jona, ko motsi. Kwana biyu ina zargin igiya. Ashe duk biyun iri ɗaya na sayo, kowanne yana magana da 1310 yana saurare da 1550. Dole ɗaya ya zama kishiyar ɗaya, mai aikawa da 1550 ya saurara da 1310. Mai shagon bai faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba.

Zainab_Farfaru:
Don Allah a yi mini bayani, me ya sa ba za a yi iri ɗaya kowa ya huta ba? A kwas ɗinmu ana ta kawo ire-iren leza, VCSEL da FP da DFB, haddace su kawai muke yi.

Ɗalibin_Dundaye:
Kuɗi da nisa ne suka raba su Yaya. VCSEL ta saman gutsuren take fitar da haske, don haka ana iya gwada dubbai tun suna kan faifai ɗaya kafin a yanka, shi ya sa take da araha, ga ƙarancin cin wuta. Ita ce a 850, da igiya mai faɗin zuciya, maikiron 50, ruwan lemo ko shuɗi-shuɗin ruwa. Amma a 850 gilashi yana shan kusan 3 dB, wato rabin hasken, duk kilomita, tafiyarta 'yan ɗaruruwan mita ce, a gudun 10G mita 300 a kan igiyar da ake kira OM3. FP da DFB ta gefe suke fitarwa. FP madubi biyu ne kawai, sai ta fitar da zanguna da yawa kusa da juna. DFB an yi mata tsage-tsage a ciki kamar haƙoran mataji, su ke tace zango ɗaya tak.

Amfanin zango ɗaya shi ne, cikin gilashi kowane zango da saurinsa. In ka saki ayari tare, wasu suna gaba wasu suna baya, kafin a yi nisa sai ayarin farko ya cakuɗe da na biyu, mai karɓa ya kasa bambance 1 da 0. A wajen 1310 wannan bazuwar kusan babu ita a faiba ta gama-gari, asara kuma kamar 0.35 dB a kilomita. A 1550 asarar ta fi ƙanƙanta, wajen 0.2, shi ya sa masu kilomita 40 da 80 can suke.

Injiniya_Arkilla:
Kuma masu nisan nan a 10G yawanci ba a taɓa wutar lezar, don ɗaga ta da sauke ta yana sa zangon ya riƙa rawa. Sai a bar ta a kunne cak, a sa wani ɗan ƙyaure a gabanta yana buɗewa yana rufewa, shi ne EML. Wasu har da ɗan firij a ƙarƙashin lezar, domin zangon DFB yana gusawa kusan nanomita 0.1 duk digiri ɗaya. Akwai tsari biyu na tura zanguna da yawa cikin zare ɗaya, CWDM da DWDM. A CWDM tazarar nanomita 20 aka bari tsakanin zanguna, ko ya gusa ba ya shiga gonar wani. A DWDM tazarar 0.8 ce, dole a riƙe zafin.

Gargaɗi ga masu cewa bari in sayi mai kilomita 80 don ya fi ƙarfi: na ga wanda ya sa shi a layin mita 200, hasken ya yi wa idon karɓa yawa ya lalata shi. In dole ne sai an sa abin rage haske a tsakani.

Zainab_Farfaru:
Wallahi yau na gane abin da na yi zangon karatu biyu ina haddacewa. To LED fa, an daina?

Injiniya_Arkilla:
Tana nan a tsofaffin kaya masu 100M a kan igiya mai faɗin zuciya, har kilomita 2 suna kaiwa. Ba ta da saurin da za ta bi gigabit, kuma haskenta a baje yake, kaɗan ne ke shiga zuciya mai maikiron 9.

Baba_TsohonWaya:
Ku yara kun iske abu cikin sauƙi. Sa'ad da munka hwara aiki, magana daga Sakkwato zuwa Kaduna ta kan dogayen hasumiyoyi taka bi, tasha bayan tasha. Yanzu ga abu awa ɗan yatsa shina ɗaukar abin da ɗaki guda na kaya bai ɗauka. Ɗalibi, shin yaushe anka ƙirƙiro leza?

Ɗalibin_Dundaye:
Baba, leza ta farko Theodore Maiman ya kunna ta a 1960, da dutsen yaƙutu. Irin tamu ta gutsuren sinadari a 1962 ne, Robert Hall a Amurka, amma sai an tsoma ta cikin ruwan naitirojin mai tsananin sanyi take aiki, shi ma ƙyaf-ƙyaf. Sai 1970 aka samu wadda ke ci ba tsayawa a zafin ɗaki, Zhores Alferov a Rasha, da Hayashi da Panish a Amurka. A shekarar ce kuma kamfanin Corning ya fitar da gilashin da asararsa ta sauka ƙasa da 20 dB a kilomita, abin da Charles Kao ya ce zai yiwu tun 1966. Ka ga tun haihuwarta da zafi take faɗa.

MaiSola_Kwannawa:
Kun ji ko. Zafi dai.

Ɗan_RunjinSambo:
Ba zafi da ƙura kaɗai ke sa leza rashin ji ba. Ni a ɓangaren faiba zuwa gidaje nake. Can zare ɗaya ake rabawa gidaje 32 ko 64, saƙo na saukowa da 1490, na gidaje yana hawa da 1310, kowane gida da ɗan lokacin da aka yanka masa, ya kunna lezarsa ya yi magana ya kashe. Wata rana unguwa guda ta ɗauke mana. Muka bi gida-gida muna zare igiya, sai a gida na goma sha wani abu, muna zarewa kowa ya dawo. Na'urar gidan ce lezarta ta maƙale a kunne, ta hana kowa magana. Maigidan bai san komai ba, shi ma ƙorafi yake yi.

AbuFadima:
Wannan ya tuna mini Maris ɗin 2024 da igiyoyin ƙarƙashin teku suka samu matsala intanet ya yi ta wahala har bankuna. Su ma SFP ne a bakinsu?

Injiniya_Arkilla:
Leza ce dai, amma manyan na'urori ne masu zanguna da yawa a yankin 1550, kuma a hanya akwai amfilifaya jere a ƙasan teku. Wani guntun faiba ne mai sinadarin abiyam, wata lezar daban tana yi masa famfo, sai ya ƙara wa hasken ƙarfi ba tare da an mayar da shi lantarki ba. Mu dawo kan Malam, ina awon?

Ɗan_Mabera:
Ga shi, na ƙaramin gini. Ƙarfe bakwai na safe: zafi 47, wutar leza 21mA, Tx -6.1, babban gini yana karɓar -16.8. Ƙarfe uku: zafi 76, wuta 48mA, Tx -9.4, babban gini -20.1, layi ya faɗi. Ɗaya hannun kuma, babban gini yana fitar da -5.5, ƙarami yana karɓar -7.2, safe da rana kusan ɗaya.

Ummu_Hanif:
Alhamdulillah, ga shi a fili. Zare biyu ne cikin igiya ɗaya, hanya ɗaya suka bi. Ɗaya yana asarar 1.7, ɗaya 10.7. Ko kashi ɗaya cikin goma na hasken ba ya isa. Da zaren nan lafiya yake, ko da Tx ya sauka -9.4 za a karɓi wajen -11, layi ba zai ko girgiza ba.

MaiSola_Kwannawa:
Ni kuma 76 nake kallo. Ya haura abin da aka gina shi a kai. Ki goge ƙura yau, ki bar shi yana dahuwa kullum, wata nawa zai ƙara?

Injiniya_Arkilla:
Kowannenku da hujjarsa. Abin da ya dame ni shi ne saukar Tx da fiye da 3 dB, wato ɗan idon nan ya nemi ƙarin wuta har ya rasa. Zafi yana tsofar da leza da wuri, kuma tsufan ba ya komawa. Mai shagon bai yi daidai ba da ya ce ta mutu, amma ba mamaki ta kama hanya. Ka riƙa rubuta wutar da take sha da safe duk mako, in tana hawa alhali zafin bai canza ba, ka tanadi wani, kuma mai jure 85 za ka nema.

Ɗalibin_Dundaye:
Injiniya, ba zai yiwu awon DDM ɗin ne ke kuskure da zafi ba? Na karanta cewa ba shi da daidaito sosai.

Injiniya_Arkilla:
Yana iya kaucewa da dB biyu ko uku, gaskiya ne. Amma nan gefe biyu ne suka ba da labari ɗaya, Tx ya sauka 3.3, Rx na can cikin sanyi shi ma ya sauka 3.3. Wannan saukar ta gaske ce.

Baba_TsohonWaya:
Ku musanya zaren biyu ga kowane gehe. In asarar ta bi zare, igiya ta. In ta tsaya inda take, ku dubi bakin SFP.

Ɗan_Mabera:
Na yi yadda Baba ya ce bayan an tashi yara, asarar ta bi zaren, sai na mayar da su yadda suke. Na samo abin goge kai na goge duka huɗun, na bar ƙofar akwatin a buɗe na kafa masa fankar tebur. Yau ƙarfe uku zafi 61, Tx -6.8, babban gini yana karɓar -13.2, layi bai faɗi ba. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Ummu_Hanif:
Madalla, amma har yanzu 6.4 ke ɓacewa a zaren da ɗan uwansa ke ɓatar da 1.7. Akwai lanƙwasa ko haɗin da bai kama ba. Duba inda igiyar ta shiga akwatin, sau da yawa ƙofa ce ke matse ta, ko an ɗaure ta tamau da ɗan robar ɗauri. Kuma ƙofa a buɗe ƙura kake gayyata.

MaiSola_Kwannawa:
Ƙofar ba za ta zauna a buɗe ba ai, fanka biyu da raga za a sa. Ni har yanzu ina ganin da an gyara fankar nan tun bara da ba a zo nan ba.

MaiKyamara_GidanDare:
To ni tambayata, kyamarorin da muke kafawa kan sanduna cikin rana tsaka, akwatinsu ko inuwa babu, wane iri ya kamata mu riƙa sa musu? Masu 85 ɗin ana samunsu a nan ko sai an aika Kano?

Ummu_Hanif:
Malam Ɗan_Mabera, Asabar ina da aiki wajen Minanata. In akwai mai buɗe maka makarantar zan biyo da jan biro da mitar haske kafin azahar, mu bi zaren daga akwati zuwa akwati. Kada ka sayi komai tukuna, kuma ka rubuta mini awon safiyar Juma'a.